Yadda Ake Kai Wa Kamfani Kukan Haya A Dawo Da Ƙari

Zauna, ɗana, ka ba ni kunnenka. In kana ɗakin haya, masu gida suka ƙara kuɗi, kana so ka tara maƙwabta ku kai kuka, ga hanya. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya ba za ka dawo haka nan ba. Za ka dawo da ƙarin haya. An gwada a Ƙofar Rini, kuma tun karon farko abin ya ci.

Lokacin Turawa ba su cika shekara goma a Sakkwato ba. Wani kamfanin sayen fatun akuya ya sami fili a bayan ganuwa, ya jera ɗakuna ashirin da huɗu. Tsuntsun da ke jikin allonsu ba wanda ya gane shi, sai aka sa musu Kamfanin Mai Agwagwa. Majema suka tare a ɗakunan, da masu jakuna, da Hajjo mai tuwo, wadda mijinta ya rasu. Nata ne na ƙarshe, murhunta a bakin ƙofa, a nan 'yan dakon kamfani ke cin abinci. Haya sisi ce a wata. Rannan aka wayi gari an ce nai, wato sisi da rabi. Wanda ya kasa, a cire masa ƙyaure, a fid da kayansa waje. Damina saura wata ɗaya, Hajjo kuwa ba ta da wani wurin sa kai.

Mataki na 1: Kira taro, ka fara da wurin zama

Kada ka yi garajen shiga maganar haya. A fara tantance wa zai hau buzu, wa zai hau tabarma, wa zai zauna a ƙasa. 'Yan Ƙofar Rini sun taru da hantsi, azahar ta same su suna gardamar ko majemi zai zauna gaban mai jaki. Mata suna can bayan zana, inda murya ba ta damun kowa. Hajjo ta ɗaga tata sau biyu, aka ce a jira manya su gama zama.

Taron da aka watse kowa ya san matsayinsa, ai ya yi rabin aiki. Ɗaya rabin ba ya sauri.

Mataki na 2: Zaɓi shugaba da rawani

Kada ka duba wanda ya fi shan wahala, shi baƙin ciki zai sa ya faɗi gaskiya. Duba kawunan mutane. Malam Gidaɗo suka zaɓa, dillalin fata, wanda rawaninsa sai ya sunkuya yake shiga ɗakinsa. Mutum ne da zai gaishe ka tun daga rijiya har masallaci bai maimaita tambaya ba.

Mataki na 3: Ari riga

Ba a zuwa gaban babba da kayan aiki. Wannan ko jinjiri ya sani. Aka bazu cikin birni, wannan ya aro rigar surukinsa, wancan ta malaminsa. Wani majemi da ba a taɓa ganinsa da abin da ya wuce warki ba, ga shi cikin riga mai aska takwas, yana tafiya kamar yana ɗauke da ƙwai.

Hajjo ta dube su sama da ƙasa. Ta ce, "Malam, kuka za ku kai ko ɗaurin aure?"

"Hajjo, ke mace ce, ba ki san zaure ba. Mu tahi da tsumma a ce mutanen Ƙofar Rini ba su san girma ba?"

Mataki na 4: Kada ka je hannu rabbana

Aka yi karo-karo aka sayi rago, fari, mai ƙaho biyu a naɗe. Aka haɗa da kwandon ƙwan zabi. Hajjo aka ɗora wa kwandon, don rigunan aro ba sa son ƙwai. Da haka ta sami shiga, ta ga komai da idonta.

Ka lura, ɗana: ba abin da ke nuna wa mai gida talaucinka kamar ƙosasshen rago.

Mataki na 5: Amsa gaisuwa kamar ɗan mutunci

Suka tarar da Baturen kamfani a barandarsa, wani dogo da ake kira Dogon Wuya. Bawa tafinta na tsaye a gefensa. Aka zube, aka yi "Zaki, Zaki." Bature ya dubi riguna, ya dubi rago, ya yi magana ta hanci.

Bawa ya ce, "Wai ina zaman ɗakuna?"

Hajjo ta ɗago kai. Ga ƙofa an buɗe musu! Ta ɗan matsa, ta taka gefen rigar Malam Gidaɗo.

Malam ya gyara murya. "Lafiya lau, ranka shi daɗe. Sai godiya."

"Wai ba abin da ke damunku?"

"Ko kaɗan. Alheri dai muke gani."

Kada ka zargi Malam. Mutumin da aka haifa a gidan kirki, ko rufin ɗaki ya faɗo masa a ka, in aka tambaye shi kwana lafiya zai ce. Bawa ya juya maganar kamar yadda aka ba shi. Bature ya ciro ɗan littafi ya rubuta. Hajjo ba ta san boko ba, amma hannun da ke rubutun bai yi mata kama da hannun mai tausayi ba.

Mataki na 6: Ajiye maganar sai wajen rakiya

Nan ne gwaninta take. A garinmu ba a buɗe buƙata a tsakiyar zaure. Sai an yi sallama, mai gida ya taso ya taka maka 'yan sawu, ku kai bakin ƙofa, sannan ka rage murya ka ce, "Af, dama akwai wata 'yar magana." Malam Gidaɗo ya kwana uku yana gyaran wannan 'yar magana.

Suka yi sallama, suka fito, suka tsaya bakin ƙofa suna jiran rakiya. Suka jira. Rana ta hau tsaka, rigunan aro suka jiƙe da gumi. Can Bawa ya leƙo.

"Malam, mi kuke jira?"

"Mai gida. Ko takalmi yake nema?"

"Wane takalmi? Ya shiga cin abinci. Su Turawa ba su rakiya."

Malam ya gyara rawani. Daga baya ya ce, "To, wagga ƙasa ta lalace." Suka juyo gida, ba rago, ba ƙwai, maganar kuwa tana nan cikin rawani ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Mataki na 7: Karɓi sakamakonka

Kwana huɗu Bawa ya zo da takarda. Kamfani ya ji daɗin ganin masu hayarsa cikin wadata da godiya. Haya ta koma sule, wato sisi biyu. Wanda bai shirya ba, ranar Juma'a a cire ƙyaure.

Ka gani? Na ce maka abin yana ci.

Mataki na 8: Tsare kanka daga irin Hajjo

A kowace unguwa akwai mai ɓata shiri. Hajjo ta dawo ta zauna tana kallon ƙyaurenta, wanda marigayi ya sassaƙa da hannunsa. Ba ta kira taro ba. Ta bi ɗaki ɗaki wurin mai fura, da mai ƙosai, da mai dafa wake, tana ce wa kowace, "Gobe kada ki hura wuta."

Gari ya waye ba hayaƙi a layin. 'Yan dako suka zo da akusansu suka tarar da murhu a sanyaye. Ga fatu an ɗaure, ga jakuna, ayari zai tashi zuwa Jega, amma wa zai ɗaga kaya da cikin wofi? Birni akwai abinci, sai dai kafin mutum ya je ya dawo rana ta yi. Ranar farko suka yi zagi. Rana ta biyu suka zauna a inuwa tare da matan, don yawancinsu su ma a ɗakunan suke kwana.

Rana ta uku sai ga Dogon Wuya da ƙafarsa, Bawa na binsa. Hajjo na zaune bakin ƙofa da zanen aiki, duk baƙin tukunya. Ba ta tashi ba. Ba ta ce Zaki ba. Ko gajiya ba ta tambaye shi ba, wa'iyazu billahi.

Ta ce, "Bawa, hwaɗa mai. Sisi muke iyawa. In an cire ƙyaure guda, ba tuwo. In an maida sisi, yanzu in hura wuta."

Bawa ya fara zuba Turanci, yana murmushi, yana ɗan rusunawa.

"Tsaya, ɗan nan. Tawa gajera ce, taka ta yi tsawo. Mi kake ƙarawa?"

"Inna, gaisuwa nike sa miki a gaba."

"Cire ta. Ban aike ka da ita ba."

Ya cire. Bature ya dubi murhu, ya dubi tulin fatunsa da suka fara wari a rana, ya yi wata gajerar magana. Kafin la'asar hayaƙi ya tashi a layin, haya ta koma sisi, ƙyauren Hajjo na nan a inda yake har ruwan farko ya sauka.

Amma dubi abin da ta jawo wa kanta. Mutanen da ta tsare wa ɗakuna suka yi wata guda suna jinjina rashin kunyarta. A ce babban mutum ya tako har ƙofarka, ko ruwa ba ka ba shi ba! Malam Gidaɗo ya daina cin tuwonta a fili, sai dai ya aika matarsa da akushi a rufe.

Ni dai na fita

In ka bi matakai bakwai na farko aka ƙara maka haya, kada ka zo ƙofata da kuka, abin da na yi alkawari ke nan. In rigar aro ta yage, tsakaninka da mai ita. In kuwa shaiɗan ya ja ka ka bi hanyar Hajjo, ka kwana a ɗakinka ruwa na zuba a waje, gari kuma na cewa ba ka da tarbiyya, kada ka ce a bakina ka ji. Ni ladabi na koya maka.