Dayyabu da Koriyar Riga a Kasablanka

Cikin waɗanda muke zama da su da yamma a ƙofar shagon Ilu tela akwai wani Dayyabu, mutumin Funtuwa, ma'aikacin awon filaye. Shi Allah ya jarabce shi da yawon duniya. Kowa in ya sami hutun shekara sai ya leƙa ƙauye ko ya miƙe ƙafa a gida, shi kuwa sai ya kakkaɓe wata tsohuwar jakar goyo, ya cusa mata 'yan tsummokaransa da butar roba da ƙullin yaji, ya nufi ƙasar da bai san kowa ba. Bana Kasablanka ya je, can ƙasar Maroko. Ga yadda ya ba mu labari, in akwai ƙari a ciki yana wuyansa.

Ya sauka a wani gidan matafiya mai araha, irin mai gado a kan gado. Mai gidan wani dattijo ne mai tumbi, ana kiransa Bushaib. Dayyabu ba shi da yaren garin, sai Larabcin da ya koya a Islamiyya. Da ya buɗe baki ya tambayi makewayi, sai Bushaib ya riƙe ciki yana dariya, ya ce bai taɓa jin an nemi makewayi da muryar huɗubar Juma'a ba. Daga ranar suka laƙaba masa Liman.

Abinci ne ya fara ba shi wuya. Ya ce a garin nan ko ruwan sha ka roƙa sai an haɗo maka da burodi. Aka kawo masa naman rago a cikin wani kasko mai murfi kamar malfa, ya yi bisimilla ya kai loma, sai ya ji zaƙi. Ashe da busassun 'ya'yan itace aka dafa shi. Ya faki idon mutane ya kwance ƙullin yajinsa ya barbaɗa. Bushaib ya gani, ya ce a sammasa. Ya lasa sau ɗaya, hawaye ya wanke masa fuska, ya tambayi Dayyabu ko laifi mutum yake yi a ƙasarsu kafin a ba shi wannan.

Washegari dattijon ya rama. Ya ja shi gaban wani mai tukunya a bakin titi, aka zubo musu wani abu a ƙananan kwanoni, romo baƙi yana tururi, aka miƙa wa kowa tsinke. Dayyabu ya leƙa, sai ya ga dodon koɗi ne, kowanne ya leƙo da ƙahonninsa.

Ya ce, “Baba Bushaib, wannan fa a wurinmu ko kaza sai ta yi shawara kafin ta taɓa shi.”

Bushaib ya ce, “Ci, Liman. Maganin sanyi ne, maganin ciwon baya ne.”

“Ni bayana lafiya lau.”

“To ci kada ya fara.”

Haka ya rufe ido ya haɗiye, mutane suna tafa masa.

To, garin nan ƙungiyoyin ƙwallo biyu ne suka raba shi, masu ja da masu kore, kuma ba sa ga maciji da juna. Bushaib ɗan ja ne na gidi, har labulen gidansa ja ne. Ranar da ƙungiyoyin za su kara ya samo wa baƙonsa tikiti, ya tsaya yana yi masa wani dogon gargaɗi da yaren garin, yana nuna kayan jikinsa yana kaɗa yatsa. Dayyabu bai tsinci komai ba, amma girman kai ya hana shi ya ce a maimaita. Ya yi ta cewa na'am, na'am.

Suka shiga fili, suka zauna a tsakiyar masu ja. Dayyabu ya ce bai taɓa ganin abu irin wannan ba: ganguna, waƙa baki ɗaya, jan hayaƙi ya turnuƙe ko'ina, benci yana rawa a ƙarƙashin mutum. Shi ma ya tsinci kansa yana tsalle yana rera abin da bai san ma'anarsa ba.

Da rana ta yi ƙasa sai iskar teku ta taso, sanyi ya fara ratsa shi. Ya zuge jaka ya zaro rigar sanyinsa ya zura. Rigar nan koriya ce shar, kamar ɗanyen zogale.

Sai ya ji waƙar da ke kusa da shi ta mutu. Yana gama jan zif, masu kore suka zura ƙwallo a raga.

Bushaib ya waiwayo, ya saki salati. Ya cakumi rigar yana ƙoƙarin tuɓe ta, ta maƙale a kan Dayyabu, suka yi ta kokawa. Da ƙyar ta fita, kuma a daidai lokacin da take sama a hannun dattijon tana filfilawa kamar tuta, aka sake zura musu ta biyu.

Suka cusa ta a ƙasan jaka, Dayyabu ya zauna a kai yana rawar ɗari. Daga nan sai addu'a, ko Allah zai sa masu ja su rama a manta da shi. Ina! Ɗan gabansu mai lamba tara ya sami ƙwallo daga shi sai raga, ya taka ta ya faɗi. Aka ba su bugun daga kai sai mai tsaron gida, ya ɗaga ta sama, Dayyabu ya rantse sai dai a neme ta a teku. Aka tashi biyu da nema.

Bushaib ya ce su wuce gida su rufe ƙofa. Dayyabu ya ce shi bai taso daga Funtuwa don ya kwanta da magariba ba, sai ya ga yadda garin yake da dare. Dole dattijon ya kai shi wani gidan shayi a unguwarsu, inda ake gasa kifi a ƙofa, a ciki kuma wasu makaɗa suna kaɗa wani abu mai kama da gurmi. Aka kawo shayin na'ana'a. Kiɗan ya fara shigar Dayyabu, har ya soma kaɗa kafaɗa.

Sai ya ji an fizge jakar daga gindin kujerarsa. Ya ɗaga kai, ya ga wani ƙato, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, fuskarsa shafe da jan fenti, hawaye ya yi masa layi biyu a kai. Bayansa wasu majiya ƙarfi sun tsaya sun harɗe hannu. Makaɗa suka dakata. Fasfon Dayyabu da tikitin komawarsa duk suna cikin jakar nan, ƙaton kuwa ya riƙe ta a saman garwashin masu kifi.

Bushaib ya miƙe yana rantsuwa cewa baƙo ne, bai sani ba, shi kansa ɗan ja ne tun kafin a haifi ƙaton. Ƙaton ya ture shi gefe. Da ya ji an ce baƙon Larabcin littafi kawai yake ji, sai ya daure ya yi masa magana da shi, kalma ɗaya bayan ɗaya.

“Kai ne mai koriyar riga?”

Dayyabu ya ce, “Ni ne. Sanyi na ji.”

“Ka sa ta, aka ci mu. Aka ɗaga ta, aka ƙara. Ina bayanka, da idona na gani. Rigarka ce ta ci mu ƙwallo biyu. Me za ka ce kafin in gasa ta?”

Bushaib ya koma kujerarsa, ya yi ta taka wa Dayyabu ƙafa a ƙarƙashin tebur don ya yi shiru. Dayyabu ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofin a hankali, ya gyara murya.

“Rigar da ta ci biyu daga kan benci za ka gasa? Ku rina ta ja ku ba ta lamba tara, shi kuma wancan ɗan gaban naku ya zo ya ji sanyi a kan bencina.”