Saƙon Da Na Ƙi Buɗewa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na haƙa wa kaina rami da bakina ba, ina murmushi kuma.

Lokacin ina karatun digiri na biyu a ƙasar waje, ina haya a unguwar Glenwood. Wani Sale da muke gaisawa a masallaci ya ji zan je suna a garin McLeansville, sai ya miƙo min ƙunshi naɗe da salatif in kai wa abokinsa. Na girgiza, na ji kacau-kacau kamar ƙwayoyin magani. Na buɗe baki zan tambaya, ya ce, "Malam, kar ka damu, just drop it." Zargi ya ɗarsu a raina, amma na danne. Ai a gida an koya mana saƙo amana ne, ba a leƙawa. (Gaskiyar magana, amsar nake tsoron ji.)

A hanya ɗan sanda ya tsayar da ni, fitilar birki ta mutu. Ya nemi izinin duba mota, na ce bismilla. Ƙwayoyi ne kuwa, irin waɗanda sai da takardar likita. Ya tambaya ko na san abin da ke ciki. Na gyara tsayuwa, na zaɓo Turancina mafi tsada, na ce na yi zargi, shi ya sa da gangan na ƙi buɗewa. Wallahi yabo nake jira.

Da aka shigar da ni ƙara, Alhaji Bala, dattijon da ke mana uba a garin, shi ya samo min wata lauya. A gabansa ta karanta bayanina, ta dafe kai. Ta ce wanda ya yi zargi sannan ya rufe ido da gangan, kotu na iya ɗaukarsa kamar ya sani, kuma bizata na iya tafiya.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Kai ne mai mastas ɗin?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata uku ina rama, na kasa gaya wa mahaifiyata, kafin Sale ya amsa laifinsa aka janye ƙarar.

Kwanan baya Hajiya, matar Alhaji, ta ba ni dambun nama in kai wa 'yarta. A gabanta na kwance ledar, na leƙa, na sansana.

Ta ce, "Ɗanɗana mana, ɗan nan."

Na ji kunya, ba ƙarya. Amma wannan kunyar ta minti ɗaya ce, kuma ba ta buƙatar lauya.