Takalmin Da Ya Riga Ni Zuwa Ƙasar Waje

Zuwa ga Mai Girma, Mai Hatimi, Shugaban Ofishin Shige da Ficen Kaya, wanda ba mu taɓa gani ba sai dai mu ji muryarsa a rediyo.

Bayan gaisuwa ta ban girma, da fatan sanyin ofis na ratsa ka yadda ya kamata, ni mai ɗinkin takalma ne, shekara ashirin da shida a shago ɗaya, tsakanin mai aski da mai gyaran agogo. Na ji ka sanar cewa tattalin arzikinmu ya bunƙasa saboda fatun da muke fitarwa waje. Ina taya mu murna. 'Yan ƙorafe-ƙorafe ne gare ni, ƙanana, ba su kai su hana ka shan shayi ba.

Na ɗaya, fata. Mai sayar mini da fata, wanda da muke gaisawa har da tambayar iyali, yanzu in ya hango ni sai ya fara amsa waya. Fatu masu kyan duk an ɗaure su za a kai jirgin ruwa, domin can da dala ake biya. Ni sai ya turo mini mai huji-huji, ya ce in yi dabara. Ranka ya daɗe, shanun nan a gabanmu suka yi kiwo. Yaushe suka san kuɗin waje?

Na biyu, gam da zare. In dala ta tashi da safe, kafin rana ta take mai gam ya ji labari. In ta sauka kuwa, sai ya ce tsohon kaya ne, da tsada ya saro. Wata tara ke nan tsohon kayan nan bai ƙare ba. Mai aski ma ya ƙara kuɗi, wai dala. Na tambaye shi ko gashin kaina daga waje ake shigo da shi, ya ce a'a, reza.

Na uku. Bara ciniki ya ja baya har na fara tunanin sallamar ma'aikatana biyu, dukansu magidanta. Sai 'yata ta fari ta ɗauki hoton takalmana ta sa a waya. Wani ɗan kasuwa na ƙetare ya gani, ya ce yana son ƙafa arba'in. Sati uku muka yi muna ɗinki, matata na goge su tana jerawa a falo har babu wurin zama. Sannan na zo ofishinka. Taga ta ɗaya ta tura ni ta huɗu, ta huɗu ta tafi cin abinci, ta shida ta nemi takardar shaidar lafiyar saniyar da aka yi takalmin da fatarta. Na yi bayani cikin ladabi cewa marigayiyar ta wuce ganin likita. Aka ce in dawo Litinin. Litinin biyar na yi. Amma Allah ya saka wa mutanenka, kaya suka tafi, ban sallami kowa ba.

Na huɗu, kuma a nan nake neman fatawarka. Bayan wata huɗu ƙanin matata ya dawo daga tafiya. Irin mutanen nan ne da in suka yi kwana goma a waje sai su dawo suna mamakin zafin rana. Ya shigo shago, ya ɗora ƙafa a kan bencina, ya ce in dubi aikin waɗanda suka san abin da suke yi, ko zan koyi wani abu. Da ya faɗi abin da ya biya, mai gyaran agogo da ke leƙowa sai da ya cire tabarau. Na karɓi takalmin na juya. Ranka ya daɗe, ina da wani ƙulli da nake yi a bayan dunduniya, biyu a jere, ɗaya a karkace, tun ina koyon aiki. Ga shi nan, kusa da wata 'yar takarda mai ruwan zinariya da harshen da ba na ji. Ma'aikatana suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Na ce masa lallai mai wannan aiki ya iya. Ya ce ai shi ya sa ya kawo mini in gani.

To, Yallaɓai, wannan takalmi a wajenku fita ya yi ko shigowa? In duka biyun ne, ashe ni da ƙanin matata muka bunƙasa arzikin, ni da allura, shi da aljihu. Me ya sa ba a ambace mu a rediyo ba?

Har yau ƙanin matata bai san ni na ɗinka shi ba. Matata ta ce kada wanda ya gaya masa sai ya gama zagaya dangi.

Yanzu ɗan kasuwar ya sake aikowa, yana son ƙafa ɗari biyu, ni kuma ba ni da fata. Roƙona kawai, cikin kowace fata goma da za ta hau jirgi a bar ɗaya ta kwana gida, tagogin nan shida kuma su riƙa yi wa juna magana. In an yi haka, mutum uku zan ƙara ɗauka.

In Yallaɓai na bukatar takalmi, a aiko da awon ƙafa, kwana uku ya isa. In kuma na waje ka fi so, babu damuwa, ni ne dai zan ɗinka, sai dai ka yi haƙurin wata huɗu da biyan kuɗi ninki goma.

Naka mai biyayya, mai durƙuso tun daga bakin taga ta ɗaya har ta shida,

Mai ɗinkin takalma, maƙwabcin mai aski.