Rasuwar Haska-Ɓarawo, Wayar Mama Nasambu

Da zuciya cike da baƙin ciki, amma ba tare da sunkuyar da kai ba, Mama Nasambu Wekhomba, mai ƙyanƙyasar 'yan tsaki a bayan kasuwar Chwele, tana sanar da 'yan uwa da abokan ciniki, da masu kiwon kaji na Bungoma har zuwa gangaren Dutsen Elgon, da ma waɗanda suka daɗe suna jiran wannan labari, rasuwar wayarta Haska-Ɓarawo. Marigayiyar ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin Makokha mai gyaran waya, bayan jinyar kwana tara. Ta bar duniya tana da shekara goma sha huɗu a bakin aiki, ba ta taɓa neman hutu ba.

Ba wanda ya san ranar haihuwarta, domin ta hannu Mama ta saye ta a Webuye, lokacin da duk sana'ar ba ta wuce injin ƙyanƙyasa ɗaya mai amfani da kananzir ba, abokan ciniki kuma goma sha ɗaya. Baƙa ce, 'yar ƙarama, mai madannai, mai fitila a ka, shi ya sa ake kiran irinta da wannan suna. Ba ta taɓa haska ɓarawo ko ɗaya ba, gaskiya. Ƙwai ta haska, dubbai, a lungun ɗakin inji, Mama tana ware mai rai da bara-gurbi. A jakar zare ta zauna duk rayuwarta, rataye a wuyan uwar ɗakinta.

Marigayiyar mai haƙuri ce da ƙana'a. Caji ɗaya yakan kai ta kwana shida. Ta faɗo daga babur a hanyar Kimilili, aka tsince ta kashi uku a cikin taɓo, aka harhaɗa, ta tashi tana tambayar ƙarfe nawa. Saniya ta taɓa taka ta, saniyar ce ta yi ɗingishi. Ba ta ɗaukar hoto, ba ta yaɗa gulma, ba ta taɓa jefa Mama cikin wani zauren hira ba da saninta ba. Muryarta ɗaya ce, "ƙirr, ƙirr," kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da Mama a coci ya san ta, tun daga Fasto har 'yan mawaƙa.

Amma babban aikinta, wanda masu manyan wayoyi ba su taɓa fahimta ba, shi ne ƙirga. Yawancin masu sayen tsakin Mama tsofaffin mata ne masu kaji ashirin zuwa sittin. Kati yana musu tsada, karatu kuma ba kowace ta samu ba. Saboda haka tun farko aka yi ƙa'ida, ba a rubuce ba. Mace ta kira ta katse sau ɗaya, tana nufin a kira ta. Sau biyu, a ajiye mata kwalinta na ranar Alhamis kamar kullum. Sau uku kuwa, kaji ba lafiya, a zo. Mama takan ji ƙirr ta katse, ta tsaya cak da abin da ke hannunta tana jiran ta biyu. Sannan ta ciro wayar ta duba suna, kuma ba sunan baftisma take sa wa mutane ba: Jar Ƙofa, Surukar Fasto, Mai Zakara Ɗaya, Ba-Ta-Gaisuwa. Idan uku ce, ko kiran ba ta tsayawa yi. Gorar magani da ta rigakafi take ɗauka, ta tare mai babur.

Da wannan ƙirga sana'a ta girma, kuma girman ne ya jawo wa marigayiyar 'yan hassada. Inji ɗaya ya zama huɗu masu wutar lantarki. Abokan ciniki suka haura dubu biyu, har da otal-otal na Kisumu da Eldoret da makarantun kwana. Sai ga Naliaka, 'yar Mama ta fari, ta dawo da digirin kasuwanci ta karɓi ofis. A yi mata adalci, yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Ta ce wuya ɗaya ba zai ɗauki mutum dubu biyu ba, ta ce manajan otal ba zai yi filashin ba, hoto yake so da farashi a rubuce. Ta kawo wa Mama 'yan takara uku kamar masu neman aure: manhajar hira mai ba da amsa da kanta, da na'urar aika tes ga mutum dubu a lokaci guda, da wata murya mai cewa danna ɗaya, danna biyu. Mama ta saurare su duka tana shan shayi, ta ce a ɗauki ko wanne, amma kada a taɓa mata tsohuwar lamba. Naliaka ta ce ai tsohuwar lambar ce dukiyar, ita ce a jikin kwalaye da katangun kasuwanni, sabuwa wa ya santa? Shekara guda suka yi suna wannan ja-in-ja, uwa da 'ya, a ofis da kan tuwon masara.

Ana cikin haka tsufa ya kama marigayiyar. Batir ya kumbura har murfi ya ƙi zama, aka ɗaure ta da roba. Madannin biyar ya faɗi, Mama ta koma danna gurbinsa da tsinken ashana. Muryarta ta dushe, ƙirr ta koma "ƙrrr," kamar zakara mai mura. Duk da haka ba ta taɓa ɓata lissafi ba. Ranar wata Litinin Mama ta sunkuya tana gyara mashayar tsaki, igiyar jakar ta tsinke, Haska-Ɓarawo ta nutse a ruwa. Aka binne ta cikin busasshiyar masara kwana ɗaya ko za ta tsotse, ba ta farfaɗo ba, aka garzaya da ita wurin Makokha.

A nan ne aka yi kuskuren da ya sa wannan sanarwa ta yi tsawo, kuma Mama ta ce a rubuta shi da sunanta, kada a ɗora wa kowa. Don kada layi ya zauna a rufe, ita da hannunta ta ciro sim ɗin ta ba Naliaka aro, wai na kwana biyu. Naliaka ta sa shi a na'urar ofis mai ba da amsa da kanta. Na'urar kuwa ta yi aiki, ba a hana ta. Ta amsa saƙo ɗari shida ba gajiya, wani manajan otal har ya yaba. Sai dai ita ba ta san ƙirga ba. A wurinta duk kiran da aka katse kuskure ne, sai ta aika wa mai shi tes da Turanci da Swahili cewa an gode da kira, a rubuto bukata. Sunayen kuma suna cikin cikin mara lafiya a teburin Makokha, lambobi tsirara kawai ke fitowa a allon ofis.

Can sama da Cheptais, a jikin Dutsen Elgon, akwai Kukhu Namaemba, wato Kaka Namaemba da harshen yankin, tsohuwar da ta fara sayen tsaki a hannun Mama, ta ɗaya cikin goma sha ɗayan nan. Kajinta sittin, su ne gonarta, su ne abin taƙamarta. Ranar Laraba ta ga biyu sun yi tsaye suna gyangyaɗi, fukafukai a sake. Ta kira sau uku, ta share tsakar gida, ta ɗora ruwan shayi tana jiran ƙarar babur. Wayarta ta yi tsuwwa, rubutu ya shigo. Ranar Alhamis ta sake, Juma'a ta sake. Kafin Lahadi akurki ya zama kango.

Ranar da Makokha ya cire tabaransa ya ce a yi haƙuri, ranar ce Naliaka da kanta ta lura da wata lamba a jerin kiran da ba a amsa ba, sau tara, uku-uku. Ta karanto ta da ƙarfi tana tambayar ko wani ya santa. Ba ta kai ƙarshe ba Mama ta ƙarasa mata sauran, ta ɗauki gorar magani duk da ta san an makara.

Kukhu Namaemba ta karɓe ta da mutunci, wanda ya fi zagi ciwo. Ta ba ta kujera tana fuskantar akurkin, ta zuba mata shayi har baki. Sai da Mama ta sha rabi sannan tsohuwar ta yi magana.

"Sau uku na kira ki, Nasambu, kwana uku. Takarda kika aiko mini. Yaushe na fara karatu ban sani ba?"

Mama ba ta kawo uzurin ruwa ko na Makokha ba. Ta ce za ta hawo da tsaki sittin ranar Alhamis da kanta. Kukhu ta tashi ta ɗauki wayarta, ta jefa cikin gwangwanin wake, ta rufe.

"Ban yi kira biyu ba, 'yata. Abin da ban kira ba, kada a kawo mini."

Mama ta sauko daga dutsen nan da kunyar da ba ta taɓa ji ba tun da ta fara sana'a, kuma kunyar ce ta zame mata fushi kafin ta iso Chwele.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da roba uku, da tsinken ashana, da batir wanda shi ma yake kwance. Ta bar tsofaffi fiye da ɗari huɗu da ba su san wata hanyar magana da Mama ba. Ta kuma bar magaji ɗaya tilo, wato sim ɗin, wanda a kansa aka yi zaman rabon gado ranar Laraba a gaban dangi. Zaman bai yi tsawo ba. Mama ta ɗora sim ɗin a tafin hannunta ta dubi 'yarta.

"Ki nemo wa injinki sabuwar lamba, Naliaka. Ki ba shi otal-otal, ki ba shi makarantu, in kin so ki ɗaura masa lakataye. Wannan lambar kunne take so, kuma ina da biyu."

An zaci Naliaka za ta kawo lissafin nan nata. Ba ta kawo ba. Ta yi kuka, ta share, ta fita kasuwa ta dawo da wata baƙar waya mai madannai da fitila a ka. Kamar yadda ake yi wa jaririn da ya zo bayan babban rashi, an maya mata sunan marigayiyar. Sunayen da suka tafi kabari kuwa, Mama tana zubo su da ka, Naliaka tana dannawa, sun kai ɗari uku da goma sha biyu. Yarinyar ta roƙi a koya mata wace ce Jar Ƙofa, wace ce Ba-Ta-Gaisuwa, don ta riƙa ɗaukar wayar ranar da Mama ke hanya. An sa na'urar ofis a sabuwar lamba, tana can tana gode wa mutane da harshe biyu, ba wanda ya hana ta.

Ga masu cewa dama ta tsufa, lokacinta ya yi, iyalai sun ji, ba su kuma gode ba. Ga samarin nan masu jakunkuna da ke zuwa daga Nairobi suna cewa duk kasuwancin da bai koma manhaja ba mutuwa zai yi, a sanar da su cewa mutuwar da muka gani a bana manhajar tana tsaye aka yi ta. Wanda ke son sayar wa Mama wata na'ura, ya fara zuwa da amsar tambaya ɗaya: me take yi idan tsohuwa ta kira sau uku ta katse? Idan ba shi da amsa, kada ya ɓata man motarsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a ƙofar gidan Mama, ƙarƙashin bishiyar fiya. Za a sa marigayiyar a kwalin tsaki, da robarta a jikinta. Fasto ya ce ba zai yi wa waya addu'a ba, amma ya yarda zai zo cin kaza. Akwai tuwon masara da shayi ga kowa. Ba a bukatar furanni. Mai son ta'aziyya a rubuce ya aika sabuwar lamba, na'ura za ta amsa masa nan take. Mai son Mama ta ji, ya kira tsohuwar lamba sau ɗaya ya katse, za ta kira shi da katinta kamar yadda aka saba.

A ƙarshe, iyalai suna roƙon duk wanda ke zaune sama da Cheptais kuma ya iya karatu, ya ɗauki wannan takarda ya je gidan Kukhu Namaemba ya karanta mata da baki, a hankali, kada ya miƙa mata. A gaya mata lambar tana raye, ta koma wuyan da ta sani. A gaya mata akwai kwali ɗaya na tsaki sittin da ba a rubuta suna a kai ba, kuma kowace Alhamis za a ware irinsa. Mama ba za ta kashe ƙarar wayar ba ko ana tsakiyar waƙar jana'iza, an riga an gaya wa Fasto.

Gwangwanin wake ba shi da wuyar buɗewa, Kukhu. Sau biyu kawai, ba sai kin ce komai ba.