Rasuwar Nagge, Motar da Sallau Ya Koya wa Yunwa

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki zafi, ni Adda Umma ta Jekadafari, matar marigayi Bamanga mai fataucin shanu, nake sanar da jama'ar Gombe rasuwar motata Nagge. Ta rasu wata guda da ya wuce, ranar Alhamis da hantsi, a kan hanyar Kumo, tana da shekara goma sha bakwai. Ban yi boko ba, mai rubuta wasiƙa ne ya rubuta, amma na hana shi tausasa ko kalma ɗaya.

Marigayiya ta shigo gidanmu a shekarar samun 'yancin kai. Bamanga ya rabu da shanu tara kafin ya same ta, shi ya sa yake kiranta Nagge, wato saniya da Fulatanci. Ta ga sauyin hannun tuƙi, ta ga zuwan naira, ba ta yi gardama ba. Ta kai amare, ta kai masu naƙuda, bayan rasuwar mai gidan kuma ita ke kai ni cin kasuwar Kumo da man shanuna. Da safe takan ce "gir-gir-gir, bum!" sau uku, sannan ta tashi. Ba ta taɓa tashi a na biyu ba, ba ta taɓa kaiwa na huɗu ba.

Aibinta ɗaya, ci. Allurar tankinta ta mutu tun da daɗewa, don haka Bamanga ya yanko karan dawa miƙaƙƙe, muna zura shi a tanki muna duba inda ya jiƙe. Tana budurwa, gaɓa ɗaya da rabi ke kai ta Kumo ta dawo. Da ta tsufa sai gaɓa uku. Ga rediyo kullum yana cewa ƙasa ta yi arzikin mai, ga mu muna wuni a layin gidan mai. Direbanta Matiyu na Herwagana, dattijo mai tsoron Allah, shi ya ce mu kai ta garejin Sallau. Na yafe wa Matiyu. Shi kaɗai.

Ranar farko Sallau ya wanke fulogi, ya ƙara wa tayoyi iska, na zura kara na ga gaɓa biyu da rabi. Na ce ya isa, na gode. Ya ce ai yanzu aka fara.

Ya ce nauyi ke sa ta ci. Ya cire kujerar baya, ya cire safaya, ya cire ƙofar hagu, ya dubi Matiyu ya ce shi ma ya rage tuwo. Sannan ya buɗe kafireto ya tsuke mata maƙogwaro da waya. Daga ranar ta daina cewa "bum", sai "kof, kof, hiii", kamar tsohuwa mai ciwon haƙarƙari. Ya ce a riƙa kashe ta a kowace gangara, a hawa kuma fasinja su sauka su taimaka. Fasinjan ni ce. Kara ya nuna gaɓa ɗaya, gaskiya ne, amma rabin hanyar Kumo da ƙafata na yi ta, ina tura abin da na hau.

Na ƙarshe shi ne ajalinta. Sallau ya ce inji kamar raƙumi yake, sabo ne kawai, a riƙa rage mata ludayi ɗaya duk mako har ta manta. Ta yi haƙuri mako shida. A na bakwai ta tsaya tsakiyar hanya cikin zafin rana, ta ce "tik... tik... fuuu", shi ke nan. Ƙwarya uku ta man shanu ta narke a kanta, man ya bi ta inda ƙofar hagu take a da, ya tsiyaye a kwalta. Jakai ne suka dawo da gawar.

Ta bar ni, ta bar Matiyu wanda ya rame a banza. Ta bar kujerar baya, tana zauren Sallau baƙi na zama a kai. Ta bar safaya, tana ƙarƙashin amalanken surukinsa. Ta bar ƙofar hagu, da ita aka rufe akurkin kajinsa, na je na gani da idona, har gilashin yana ɗagawa.

Duk wannan da na haɗiye. Abin da ba zan haɗiye ba, Sallau, kana yawo a gari kana cewa tun da ka taɓa motar Adda Umma wata guda ke nan ba ta sha ko ɗigo ba. Malaman makaranta da akawuna suna ta kai maka motocinsu da sunana. Kuma karan da kake zura musu a tanki, karan Bamanga ne, da shaidar wuƙarsa a jiki. Ka ce aro ka yi. Ban ba ka ba.

Ga tsarin jana'iza. Ranar kasuwar Kumo mai zuwa, da hantsi, za a taru a ƙofar gidana. Idan Sallau ya zo da karan mijina da kujera da safaya da ƙofa, ya tsaya gaban jama'a ya ce ta mutu kuma shi ya kashe ta, za a haɗa ta cikakkiya a kwantar da ita ƙarƙashin tsamiyar bayan gida, na rufe bakina.

Idan kuwa ya nace lafiyarta ƙalau, mai ne kawai ta daina sha, na yarda. Matiyu zai riƙe sitiyari, ni zan zauna da ƙwaryar man shanuna, Sallau ya kama baya ya kai mu Kumo. Haka za a yi duk mako.

Masu zuwa ta'aziyya su taho da ruwan sha. Ita ba ta buƙata. Shi ne zai nema tun kafin mu fita gari.