Rasuwar Kyamarar da Ta Goge Lambar Shanun Manu

Da zuciya mai nauyi, cike taf da baƙin ciki, iyalan Malam Hamidu mai hoto na bakin kasuwar Batsari suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kyamararsa. Ta cika ranar Alhamis da hantsi, tana da shekara tara a hannunsa, ban da waɗanda ta yi a hannun wani kafin ya saye ta gwanjo.

Marigayiyar mai rufin asiri ce. Ba ta ɗaga murya, iyakarta "ƙyas", sai in batir ya yi ƙasa ta ce "ɗit, ɗit". Tun ranar da Hamidu ya shiga saitinta ya ƙara haske, ya kunna abin nan mai goge tabo saboda amare, ba wanda ya tsaya gabanta ya tafi da muninsa. Ƙuraje ne, tabon ƙuna ne, har ramar shekarun nan, duk shafewa take yi, baiwar Allah.

To, ga wanda bai san aikin ba, 'ya'ya iri biyu take haifa. Akwai ɗanyen hoto, mai riƙe abin da idonta ya gani tsaf, kwalliyar da aka saita ba ta shiga jikinsa, sai dai cin kati gare shi, wato ɗan ma'ajin hotunan da ke cikinta. Akwai dafaffe, ɗan matsattse, wanda ta riga ta zuba wa gishiri da yaji tun a cikinta, ta zubar da sauran. Shi in ya fito, ya fito ke nan. Kati ya yi tsada, Hamidu kuwa akwai tsimi, sai ya kashe ɗanyen a saiti, ya bar ta tana haifar dafaffe kaɗai. Yakan ce ba wanda ya taɓa zuwa wurinsa neman gaskiyar fuskarsa.

Ciwon ajalinta ya faro da daminar bara, lokacin da satar shanu ta hana kowa sakat. Wani makiyayi na ƙauyen Babban Duhu, Manu, ya kai Hamidu ruga ya ɗaukar masa shanunsa goma sha ɗaya, domin shaida in wani abu ya faru. Ruwan toka ne, kowace da lambar wuta a cinya, wadda ya gada wajen mahaifinsa. Hamidu ko taɓa saiti bai yi ba, da na amaren ya ɗauke su. Manu ya karɓi hotunansa yana washe baki, wai shanunsa sun yi kyau.

Bayan girbi ɓarayi suka kore shanun duka. Da aka ƙwato wasu shanu aka tara, dattawa suka ce kowa ya kawo shaidarsa. Ga shanun Manu tsaye, tun daga nesa ya gane su. Ya zaro hotuna. Sai ga shanu a hoto farare tas, cinyoyi sumul kamar kumatun jariri, ko ɗigon lamba babu. Dattawa suka dubi takarda, suka dubi dabba, suka ce Malam, shaidarka ma ta ƙaryata ka. Wani mai shaidu biyu ya kora su a gaban Manu.

Manu ya iso shago yana neman hoton asali. Hamidu ya duba kati, ya duba kwamfuta, babu. Sai ya gyara zama ya yi masa bayanin ɗanye da dafaffe, kyakkyawan bayani kuwa, har da cewa da ɗanyen na nan, da lambar ta fito raɗau. Manu ya saurara har ƙarshe. Marigayiyar na kan benci. Sandar kiwo sau ɗaya ta sauka. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙwas".

Ta bar batura biyu masu ciwon tsufa, da jaka, da maɗorinta mai ƙafa uku mai ɗingishi, da amare wajen ɗari huɗu da har yau ba su yarda da madubi ba. Ta kuma bar Hamidu, wanda ke ta kukan gilashinta, bai ko tambayi yadda yaran Manu suka kwana ba.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar bayan la'asar, a bayan shago, inda ake zubar da matattun batura. Masu zuwa gaisuwa su taho da tabarmarsu. Akwai ruwan sanyi da goro. Masu sa ran fura da nono su yi haƙuri, rugar da ke kawo wa gidan nono ba ta da sauran saniya.