Tambur ɗin Raƙumin Dawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Mushe Bulus ya buɗe mini kundinsa na tambur ba. Shi ya koyar da ni a lakwal, wato makarantar boko, nan Tawa, inda muke ce wa malami Mushe, kuma tun yana saurayi yake tara tambur na gidan waya, sababbi fil, waɗanda ba a taɓa manna su ba. 'Ya'yansa ba ruwansu da abin. Sai ya aiko mini cewa yana neman wanda zai bar wa kundin, in zo ya gani ko hannuna ya iya riƙo.

Murna ta hana ni zama. Sati guda ina karatu a waya (ni da digirina, ina ganin bai kamata in je da duhun kai ba). Na gano akwai wanda ake bugawa kamar hoto, akwai wanda ake sassaƙa zanensa a farantin ƙarfe, tawadar ta fito tudu-tudu. Na kuma haddace babbar doka: ƙaron da ke bayan tambur shi ne darajarsa, ko gumi bai kamata ya taɓa shi ba.

Kafin in hau kabu-kabu sai da na wanke hannu har ya yi fari.

Mushe ya zaro wani mai hoton raƙumin dawa daga 'yar ledarsa. Ya ce masana a Turai sun duba shi sun ba shi maki mai kyau. Ya miƙo mini hantsaki.

"Riƙe a hankali, ɗana. Mi ka gani?"

Na ɗaga shi wajen haske. "Mushe, in ban yi kuskure ba, wataƙila wannan na sassaƙa ne."

"Madalla," in ji shi. Kaina ya kumbura, hannuna ya saki.

Tambur ya faɗi rub da ciki a kan tebur, iskar fanka ta fara jansa wajen kofin shayi. Ni kuwa a biro, wato ofis, aikina ke nan, lasar yatsa ina ɗaga takardun dosiye daga safe zuwa yamma. Kafin in yi tunani, na lashi yatsa na dangwale shi.

Na cece shi daga shayi, gaskiya. Sai dai ga raƙumin dawa manne a yatsana, ya ƙi sauka.

Mushe ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Madam, matarsa, ta leƙo ta ce, "To, saura ambulan."

"Tafi da shi," in ji Mushe, "ya zama naka. Kundin kuma sai mun ƙara shawara."

Har yau muna shawarar. Kullum Asabar nakan je, shi yana buɗe shafi, ni hannuwana na cikin aljihu. Abin da na koya: duk karatun da kai ya yi, a daure a sanar da yatsa.